Auta da Karyarsa a Cikin Hunturu

1. Hunturu ya shigo

Garin su Auta yana tsakanin Tasawa da Mayahi, ba nisa da Gulbin Kaba. Ƙaramin gari ne na manoma. Hatsi da wake da gujiya suke nomawa, kuma kowane gida da ƴan awakinsa da tumaki. Auta yana da shekara 11, yana aji biyar. Shi ne ƙarami a gidansu, shi ya sa kowa ke ce masa Auta, har sunansa na yanka ya ɓace.

Idan an gama girbi, an kai dammunan hatsi rumbu, sai iska ta juya. Daga watan Nuwamba har zuwa Fabrairu tana busowa daga arewa maso gabas, daga cikin hamada. Ita ce iskar hunturu. Tana zuwa da hazo da ƙura. Leɓe ya tsage, ƙafa ta yi faso, yara su yi ta mura da tari. Da rana ba laifi, zafi yakan kai digiri 30. Amma da asuba, a Disamba da Janairu, yakan sauka zuwa digiri 12 ko 13 a jihar Maraɗi. Wani daren ma ba ya kai 10.

Mutane suna da dabarunsu. Baba yana da bargo da rawani. Inna tana shafa wa yara man kaɗe. Kaka tana kwana da kaskon garwashi kusa da gado. Da sassafe samari su haɗa kara a ƙofar gida, su hura wuta, su zauna jin ɗumi.

A gidan kuwa akwai wasu biyu da ba su da bargo. Ta farko ita ce Barsu, karyar gidan. Ja ce, siririya, mai gajeren gashi, kamar yawancin karnukan karkara. Da damina tana bin Baba gona. Da dare tana gadin turken awaki, kuma ba dilan da ke matsowa idan tana nan. Abincinta ƙanzo ne da tsari da ragowar tuwo. Ba ta shiga ɗaki, ba ta zuwa kusa da tukunya. Dokar Baba ke nan, kuma Barsu ta san ta.

Ta biyu ita ce kyanwar Kaka, wadda ake ce wa Mussa kawai. Aikinta tsaron rumbu. Tun da ta zo gidan, kusu ya rage ɓarna.

Auta yaro ne mai lura. Ya ga yadda Barsu ke yi idan rana ta faɗi. Takan je gindin darni, ta tona ɗan rami cikin rairayi, ta kewaya sau biyu ko uku, sannan ta kwanta ta dunƙule, ta cusa hanci cikin wutsiya. Mussa kuwa madafa take nufa. Idan wuta ta mutu, sai ta kwanta a gefen murhu cikin toka mai ɗumi. Da safe ta fito fari fat, kowa ya yi mata dariya.

2. Abin da ya faru bara

Bara a cikin Janairu Barsu ta haifi ƴaƴa shida a bayan darni. Auta ya yi murna ƙwarai. Kullum kafin ya tafi makaranta sai ya leƙa su. A kwana na huɗu aka yi wata iska mai ƙarfi tun daga magariba har gari ya waye. Da safe Auta ya tarar da huɗu sun sandare. Sauran biyun ma ba su kai mako ba.

Auta ya yi kuka. Yayyensa suka ce: "Kai, a kan kwikwiyo kake kuka?" Ya yi shiru, amma abin bai fita daga ransa ba.

Bana Barsu ta sake ɗaukar ciki. Karya takan yi kamar kwana 63 kafin ta haihu, wato wata biyu da ƴan kwanaki. Auta ya ƙirga, ya ga haihuwar za ta faɗo tsakiyar ɗari kamar bara. Ga shi Barsu ta fara tsufa, bakinta ya yi furfura. Baba da kansa ya ce idan ba ta bar magaji ba, baɗi sai dai a kwana ana gadin awaki da sanda.

Wata rana da dare Auta ya durƙusa gaban Baba, ya ce: "Baba, idan Barsu ta haihu, a bar ta ta kwana a zaure mana."

Baba ya ce: "A zaure nake salla, a nan baƙi ke zama. Kare ba ya kwana a zaurena. Kada in sake jin wannan magana."

Kaka tana gefe tana kaɗi. Ta ce: "Maigidana, kwantar da hankalinka. Kare da rigarsa aka haife shi."

Auta ya ce a ransa: idan da rigarsu aka haife su, me ya kashe na bara?

3. Saƙo daga Aljeriya

Babban wan Auta yana aikin gini a Aljeriya, a wani birni da ake kira Setif. Birnin yana kan tudu, sama da mita 1,000 bisa teku. Wata ranar kasuwar Mayahi, kawunsu ya dawo da saƙo cikin wayarsa. Duk gidan suka taru suna kallo.

Titi fari, rufin gidaje fari, motoci sun nutse cikin wani abu kamar auduga. Yaya yana tsaye cikin riguna uku, hayaƙi yana fita daga bakinsa idan ya yi magana. Ya ce: "Ku gai da Baba da Inna. Wannan ita ce dusar ƙanƙara. Yau kwana biyu ba mu fita aiki ba." A bayansa ga wani ƙaton kare mai gashi buzu-buzu yana tsalle, yana birgima, yana cusa kai cikin farin abin nan.

Kaka ta riƙe baki, ta ce: "Ikon Allah! Ga mutum yana rawar ɗari, ga kare yana wasa."

Auta bai yi dariya ba. Tambaya ce ta cika masa kai. A can ruwa yana daskarewa, kare yana wasa. A nan ruwan randa ko sau ɗaya bai taɓa daskarewa ba, amma ƴan kwikwiyo shida sun mutu. Yaya aka yi haka?

4. Bayanin Malam

Washegari a makaranta, da aka zo darasin kimiyya, Auta ya ɗaga hannu ya ba da labarin. Malam ya ji daɗin tambayar. Ya rataya taswirar duniya jikin allo.

Ya ce: "Da farko, dusar ƙanƙara dabam take da ƙanƙarar da kuka sani, wadda ke faɗowa da damina kamar tsakuwa. Idan sanyi ya kai digiri sifiri ko ƙasa da haka, tururin ruwan da ke cikin gajimare yakan daskare, ya sauko a hankali kamar audugar rimi. A wasu ƙasashe takan taru har ta fi tsayin mutum. Ko a bakin Sahara an gan ta. Ta sauka a garin Ain Sefra na Aljeriya a 1979, ta sake sauka a 2016 da 2018, ta rufe jan rairayi."

Wata yarinya ta ce: "Malam, to karnukan can ba sa jin ɗari?"

Malam ya ce: "Suna ji. Amma jikinsu ya dace da ƙasarsu. Ku dubi nan sama, Siberiya da Alaska da Girinlan. Karnukan wurin suna da gashi hawa biyu. Na waje dogo ne mai kauri, yana tare iska da ruwa. Na ciki kuwa laushi gare shi kamar ulu, yana riƙe iska mai ɗumi kusa da fata. Zafin jikin kare digiri 38 zuwa 39 ne, ya ɗan fi na mutum, wanda yake 37. Gashi ba ya kawo zafi. Aikinsa shi ne ya hana zafin jiki gudu.

"Sai ƙafafu. Kare yana taka ƙanƙara ba takalmi. A tafin ƙafarsa akwai kitse. Kuma jijiyar da ke kai jini mai ɗumi zuwa ƙafa tana manne da waɗanda ke maido jini mai sanyi. Mai ɗumin yana ɗumama mai sanyin kafin ya koma cikin jiki. Saboda haka sanyin ƙasa ba ya saurin kaiwa ga zuciya.

"Idan dare ya yi, karen Alaska yakan tona rami cikin dusar, ya dunƙule, ya rufe hanci da wutsiya, ya bari dusar ta lulluɓe shi. Sabuwar dusar ƙanƙara, kashi 9 cikin 10 nata iska ce. Saboda haka takan zame masa bargo."

Auta ya miƙe zumbur, ya ce: "Malam, haka Barsu take yi cikin rairayi!"

Malam ya ce: "Madalla. Dabara ɗaya ce. Rami yana tare iska. Dunƙulewa tana ɓoye ciki da ƙafafu, inda gashi ba shi da yawa. Rairayin da ya sha rana kuma yana da sauran ɗumi."

Daga nan ya ba su labarin garin Nom na Alaska. A watan Janairu na 1925 cutar mashaƙo ta ɓulla a garin, tana kama yara. Ita ce cutar da ta ɓulla a Nijar a 2023, wadda ake yi wa yara allurar rigakafinta. Teku ya daskare, jirgin ruwa ba ya zuwa, ga maganin yana can nesa. Sai aka ɗora shi bisa keken da karnuka ke ja a kan ƙanƙara. Mutum 20 da karnuka wajen 150 suka yi ta miƙa wa juna maganin, dare da rana, cikin sanyin da ya wuce digiri 40 ƙasa da sifiri. Sun yi kilomita 1,085 cikin kwana biyar da rabi. Wannan ya fi nisan Yamai zuwa Damagaram. Karen da ya ja gaba a zango mafi tsawo sunansa Togo. Wanda ya shiga garin da maganin ranar 2 ga Fabrairu sunansa Balto, kuma an yi masa mutum-mutumi a birnin Niyok. Wasu karnukan sun mutu a hanya, domin ko su ma akwai iyakar abin da suke iya jurewa.

Wani yaro ya ce: "Malam, kyanwa fa?"

Malam ya ce: "Kyanwa ƴar ƙasar zafi ce. Asalinta kyanwar daji ce ta Afirka da Gabas ta Tsakiya, wadda ta saba da mutane wajen shekara 10,000 da suka wuce, lokacin da suka fara tara hatsi, kusu yana bi. Shi ya sa take son wuri mai ɗumi fiye da kare. A Norwe da Siberiya akwai kyanwoyi masu dogon gashi, har tsakanin yatsunsu gashi ne. Idan kyanwa tana tafiya cikin dusa, takan sa ƙafar baya daidai cikin sawun ta gaba, don ta rage wahala. A hamadar ƙasarmu ma, wajen Abzin da Tarmit, akwai ƴar kyanwar rairayi mai gashi a tafin ƙafa. Yana kare ta daga zafin rairayi da rana, da sanyinsa da dare.

"Amma kada ku ɗauka duk kare da kyanwa na ƙasashen sanyi haka suke. Da yawa gajeren gashi gare su kamar namu. Masu su kan sa musu riga idan za su fita. Sukan wanke musu ƙafa idan sun dawo, domin ana zuba gishiri a titi don ya narkar da ƙanƙara, shi kuwa yana cin tafin ƙafa. Sukan cire musu curin ƙanƙara daga tsakanin yatsu. Kunne da wutsiya da ƙafa su ne sanyi ke fara lahantawa. Kyanwar da ba ta da gida takan shige cikin injin mota don neman ɗumi, shi ya sa direbobi ke bubbuga murfin injin kafin su tayar."

Auta ya ce: "Malam, har yanzu ban gane abin da ya kashe ƴaƴan Barsu ba."

Malam ya ce: "Idan Innarka ta dama kunu, wanne ke fara hucewa, na cikin tukunya ko na cikin ludayi?"

"Na cikin ludayi."

"Idan kana sauri kuma me kake yi?"

"Ina hura shi da baki."

Malam ya ce: "To Barsu ita ce tukunya, kwikwiyo shi ne ludayi, hunturu shi ne mai hurawa. Ƙaramin jiki yana saurin hucewa. Ban da haka, kwikwiyo sabon haihuwa ba ya iya riƙe zafin jikinsa. A makon farko ko rawar ɗari bai iya ba, alhali rawar ɗari ita ce ke ɗumama jiki. Yana bukatar wurin da ɗuminsa ya kusa digiri 30. Sai ya yi wajen mako huɗu kafin ya iya da kansa. Ko a Alaska, ba a barin jarirai cikin iska. Kakarka ta yi gaskiya, kare da rigarsa aka haife shi. Amma rigar jariri ba ta isa ba tukuna."

5. Kwalabe biyu

Malam ya sa su yi gwaji. Aka kawo kwalabe biyu iri ɗaya, aka cika su da ruwan ɗumi, aka toshe. Ɗaya aka aje ta a fili cikin inuwa, inda iska ke kaɗawa. Ɗayar aka tura ta cikin kwando cike da ƙaiƙayi, aka aje kwandon bayan bango. Da aka tashi shan iska, kowa ya zo ya taɓa. Ta fili ta yi sanyi ƙalau. Ta cikin ƙaiƙayi da sauran ɗuminta.

Malam ya ce: "Ƙaiƙayi ba wuta ba ne. Iska ce ke maƙale a tsakaninsa, kamar yadda take maƙale cikin gashin kare da cikin dusar ƙanƙara."

Auta ya ce a ransa: gani ya kori ji. Ƙaiƙayi kuwa ga shi nan tsibi-tsibi a masussuka, ba mai sayarwa.

6. Ɗakin da Barsu ta ƙi

Ranar da ba makaranta, Auta ya samo wani tsohon akurki da kaji suka daina kwana. Ya share shi, ya faɗaɗa ƙofar, ya zuba ƙaiƙayi, ya aje shi can bayan gida. Ya kira Barsu, ya sa mata ƙanzo a ciki. Ta miƙa wuya ta cinye ƙanzon, ta shinshina wurin, ta yi tafiyarta. Kwana uku yana lallashinta, ba ta shiga ba. Yayyensa suka samu abin dariya. Suka riƙa ce masa Sarkin Magina.

Kaka ta kira shi, ta ce: "Maigidana, mai ciki ita ke zaɓen inda za ta haihu. Bar binta da ɗaki. Bi ta da ido."

Auta ya bi ta da ido. Ya ga kullum da yamma tana shiga ƙarƙashin babban rumbu, tana tono tsakanin duwatsun da aka ɗora shi a kai. Wurin yana kallon turken awaki. Ashe ko da ciki ba ta son yin nisa da aikinta.

Sai ya duƙa ya leƙa. Sama a rufe take, amma iska tana ratsawa ta ko'ina. Ya ɗebi ƙasa ya watsa sama, ya ga inda ƙura ta nufa. Ya samo tsohuwar zana, ya kafa ta ta gabas da arewa, ya danne gindinta da rairayi don kada iska ta bi ta ƙasa. Ya bar ƙofa ta yamma. Ya kwaso ƙaiƙayin akurki ya zuba cikin ramin da ta tona.

Baba ya zo wucewa, ya tsaya ya duba. Ya ce: "Kada in ga wuta kusa da rumbuna."

Auta ya ce: "To, Baba. Ba wuta, ƙaiƙayi ne kawai."

Baba bai ce komai ba, ya wuce.

A kan wuta Baba yana da hujja. Hunturu lokacin gobara ne. Kara ya bushe, shibci ya bushe, ga iska. A makon nan ma Mussa ta kwanta cikin tokar da ke da sauran garwashi, ta ƙone gashin gefenta. Da wutar ta kama jikinta ta ruga cikin dangar kara, da labari ya sha bamban. Tun daga ranar Inna take kashe wuta sarai da dare, ta kife tsohon kasko bisa murhu. Kaka kuma ta sa wa Mussa tsumma cikin wani kwando a ƙarƙashin gadonta.

Auta ya kuma roƙi Inna ta riƙa ƙara wa Barsu abinci. Malam ya ce abinci shi ne itacen wutar jiki, kuma mai shayarwa tana cin ninkin abin da ta saba ko fiye. Inna ta ce hatsi ba na wasa ba ne. Sai Auta ya riƙa rage nasa tuwon. Da Inna ta gane, ta yi masa faɗa, amma daga ranar ta riƙa dama wa Barsu dusa da tsari.

7. Daren iska

Cikin makon farko na Janairu Barsu ta haifi ƴaƴa biyar. Idanunsu a rufe, kunnuwansu a toshe. Suna kwance bisa juna jikin cikin uwarsu. Auta bai taɓa su ba, domin karya mai jego tana da faɗa. Daga nesa yake ƙirga su.

A dare na biyar iska ta taso. Zana tana kaɗawa, ƙura tana shiga ido. Can cikin dare Auta ya ji Barsu tana haushi wajen turke. Wani abu ne ya zo kusa da awaki, ta bar ƴaƴanta ta bi shi. Ya ɗauki cocila ya fita, haƙoransa suna kaɗawa.

Uku suna dunƙule cikin ƙaiƙayi. Biyu sun rarrafo waje neman uwarsu, suna kwance bisa rairayi mai sanyi. Ɗaya ya riga ya mutu. Ɗayan, wani baƙi mai farin ƙirji, yana motsa baki a hankali, ko kuka ba ya iyawa.

Auta ya naɗe shi cikin tsumma, ya ruga ƙofar Kaka. Ya ce: "Kaka, Kaka, ba ni kaskonki in gasa shi!"

Kaka ta fito da mayafi. Ta ce: "Gasa shi? Nama ne? Wanda sanyi ya kama ba a kai shi bakin wuta. Sannu ba ta hana zuwa."

Auta ya ce: "To in ba shi nono?"

Ta ce: "A'a. Cikin da ya yi sanyi ba ya narka abinci. Ɗumi tukuna."

Nan Auta ya tuna da kwalaben Malam. Kaka ta ɗumama ruwa bisa kaskonta, ba mai zafi sosai ba. Suka zuba cikin kwalba, suka naɗe ta da tsumma, suka sa cikin wata fasasshiyar ƙwarya da ƙaiƙayi. Suka kwantar da kwikwiyon jikinta. Auta ya zauna a rumfar Kaka, bayan bango, yana shafa bayansa da yatsa. Idan kwalba ta huce, Kaka ta sake ɗumama ruwa. Mussa ta fito daga kwandonta, ta shinshina ƙwaryar, ta kwanta jikinta ta waje, don ita duk inda ɗumi yake nan take.

Sun fi awa biyu a haka. Wajen kiran assalatu kwikwiyon ya yi wani ɗan kuka siriri, ya fara neman nono jikin tsumma. Auta ya kai shi bakin ramin, ya aje, ya ja da baya. Barsu ta shinshina shi, ta lashe shi, ta jawo shi cikin ƴan'uwansa.

Baba ya fito alwala, ya tarar da Auta yana wanke hannu da sabulu. Ya dubi jajayen idanunsa, ya dubi zanar da iska ta kusa tumɓukewa. Ya ce: "Nawa suka rage?"

"Huɗu, Baba."

"Me ta kora da dare?"

"Ban gani ba, Baba."

Da gari ya waye suka ga sawun dila har kusa da turke. Awaki kuwa duka suna nan, har da ƴar akuyar da aka haifa shekaranjiya. Baba ya daɗe yana duban sawun. Da hantsi ya shiga ɗaki, ya fito da tsofaffin buhuna biyu da igiya. Shi da kansa ya ɗaure zanar jikin turaku, ya toshe kafofin da buhu. Ya kuma jera tubala a bakin ramin, yadda uwa za ta iya tsallakewa amma ƴaƴa ba za su iya fita ba.

8. Bayan ɗari

A kwana na 12 idanunsu suka fara buɗewa. Da suka yi wata ɗaya suka riƙa fitowa shan hantsi, suna kokawa da juna, suna jan wutsiyar uwarsu. Mussa takan hau bisa rumbu ta zuba musu ido.

Baba ya ba da biyu ga wani Bafillace abokinsa, wanda ke sauka da shanunsa a gonarsu bayan girbi. Ɗaya kawu ya ɗauka. Baƙin nan mai farin ƙirji shi aka bari a gida, Auta ya sa masa suna Duna. Da ya cika wata uku, Baba ya sa shi cikin kwando bisa amalanke, suka kai shi wurin malamin dabbobi aka yi masa allurar rigakafin haukan kare.

A lokacin hazo ya washe, bazara ta kama. Barsu ta daina dunƙulewa. Yanzu miƙewa take yi a inuwar bedi, harshe waje, tana haki. Ramin da take tonawa ma ya canza wuri, ya koma gindin randa inda ƙasa ke da laima. Auta ya kwance zanar, ya naɗe ta, ya sa bisa rumfa har hunturun baɗi. Ya samo wani tsohon kasko, ya binne rabinsa cikin inuwa. Kullum kafin ya tafi makaranta sai ya cika shi da ruwa.

Tambayoyi

1. Daga wane gefe iskar hunturu take busowa? A waɗanne watanni?
2. Me ya sa Barsu take tona rami ta dunƙule?
3. Ta yaya dusar ƙanƙara take zama bargo ga karen Alaska?
4. Don me kwikwiyo ya fi uwarsa jin ɗari?
5. Me ya sa Kaka ta hana Auta kai kwikwiyon bakin wuta?

Aiki

Ku yi gwajin kwalabe biyu a ajinku. Ku sake yin sa da rairayi, da tsumma, da harawa. Wanne ya fi riƙe ɗumi?

Ku lura da dabbobin gidanku dare uku a jere. Ku rubuta inda kowace take kwana, da yadda take kwanciya.